Ruwan Tafadek da Tabkin Tabalak

Jama'ar Korahane, ga labarin ruwa biyu da ke kan hanyar arewa.

In mota ta bar Tawa ta nufi Agadas, za ta bi ta Tabalak. Akwai babban tabki a nan. Masunta suna kama kifi, manoma suna noman rani, makiyaya suna shayar da bisashe. A shekarar 2005 aka sa shi cikin tabkunan da duniya ke kiyayewa.

Daga nan sai Agadas, birnin Sarkin Abzin. An gina babban masallacinta a 1515, aka sake gina shi a 1844. Da laka aka yi hasumiyarsa, tsawonta mita 27.

Arewa da Agadas, wajen kilomita 80, Tafadek take. Ruwa mai zafi yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, don duwatsun can ciki suna da zafi. Tun kaka da kakanni Abzinawa suke wanka a ciki saboda sanyin ƙashi da ciwon fata.

Amma tafiyar da nisa, tana cin kuɗi. Mai tari ko zazzaɓi ya fara zuwa likita, kada ya sayar da akuyarsa tukuna.