Ƴar ƙofar da ake haifar yaro da ita a ƙirji: yaya likita ke gane ta?

Akwai jariran da ke zuwa duniya da wani ɗan rami a fatar ƙirji, bai wuce bakin allura ba. Galibi yana ƙasan wuya, inda ƙashin da ya taho daga kafaɗa ya haɗu da ƙashin ƙirji, kuma an fi ganin shi a hagu. Tun cikin ciki yake samuwa: fata ce ta lotsa ciki ta yi ƴar hanya kamar bututu, santimita 1 zuwa 2. Mafi yawanci hanyar a toshe take, ba ta kai ga huhu ko zuciya. Ba maita ba ce, ba kuma abin da uwa ta ci ba ne.

Ramin kan yi shekaru shiru, sai dai wani farin abu mai kauri da ke fitowa jefi-jefi. Ranar da bakin ya toshe, wurin ya kumbura ya yi ja ya tara mugunya. Nan ne ake ruɗewa, a ce maruru ne, a kai wa wanzami ya yi sakiya. Ya lafa, bayan wata biyu ko uku ya dawo a gurbin nan dai, don bututun yana nan. Kowane yanka kuma tabo yake bari, ya ɓoye ramin, likita ya sha wuyar ganin shi.

Shi ya sa maganar uwa ta fi kowane awo. In kin je likita, ki faɗi ko kin ga ramin tun ranar wankan jego, sau nawa ya kumbura, me ke fita. In akwai tsohon hoton yaron a salula, ki nuna. Ƴan uwa na waje da aka tura wa hoton suna, ku duba naku.

Likita zai duba, ya taɓa, sannan a yi eko don ganin tsawon hanyar. Dole ya tabbatar ba tarin fuka ba ne ya fasa ƙululu, ba kuma ciwon ƙashi ba ne, wanda ke yawan kama yara masu sikila. Ramin da ke gefen wuya kuwa daban ne, yana iya zurfi har maƙogwaro.

Maganin gaske aiki ne: a kashe kumburin da magani tukuna, sannan likitan tiyatar yara, kamar waɗanda ke asibitin Lamorde a Yamai, ya cire bututun gaba ɗaya. In an bar guntu, zai sake dawowa.