Hotunan Taurarin Ɗan'adam da Asirin Gwamnatoci



A zamanin da, leƙen wata ƙasa daga sama aikin manyan gwamnatoci ne kaɗai. A watan Oktoba na 1962, jirgin leƙen asirin Amurka ya ɗauko hotunan makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet a Kyuba. Shugaba Kennedy da mashawartansa suka yi kusan mako guda suna shawara a asirce kafin a sanar wa duniya. Watau gwamnati ce ke zaɓen ranar da jama'a za su ji.

Wannan dama ta soma kuɓucewa a 1986. A watan Fabrairu Faransa ta harba tauraron SPOT domin sayar da hotuna. A ran 26 ga Afrilu tashar nukiliya ta Canobil ta fashe, hukumomin Mosko suka yi ta rowar bayani. Cikin 'yan kwanaki gidajen talabijin na Turai da Amurka suka nuna hotunan tashar waɗanda SPOT da Landsat suka ɗauka. Gani ya kori ji.

A 1999 aka harba Ikonos, mai iya rarrabe abin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba. Da Amurka ta shiga yaƙin Afganistan a 2001, ba ta kafa dokar hana hotunan ba, sai ta saye su duka don kada wani ya samu. Ashe abin da ya shiga kasuwa, mai kuɗi na iya rufe shi.

Mu ma abin ya zo mana har gida. Bayan harin Boko Haram a Baga a Janairun 2015, ƙungiyar Amnesty International ta buga hotunan da suka nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙone ko aka lalata a Baga da Doron Baga. Amma hoton ya ƙirga rufin ɗaki ne, bai ƙirga rai ba: hukumar soja ta ce mutum 150 suka mutu, wasu mazauna garin suka ce sun kai 2,000.

Saboda haka, ku da ke riƙe da aikin gwamnati, ku sani cewa lokacin yin shawara a ɓoye ya ragu ƙwarai, kuma musun abin da ya riga ya fito a hoto zubar da mutuncin hukuma ne. Ku kuma ɗalibai, in an nuna muku hoto, ku tambaya: wa ya saya, yaushe aka ɗauka, wa ya fassara shi?