Akun da ya hana ɗan sarki fita

Yau tarihin akun Magana Jari Ce za mu taɓo.

A Zariya Abubakar Imam ya rubuta littafin, na ɗaya ya fito a 1937. To amma fa akun nan, tushensa Indiya. A tsohon littafinsu Shukasaptati, aku ne ke riƙe wata matar aure da labarai 70 don kada ta fita wajen kwarto. Imam ya musanya matar da Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, wanda Waziri ke haƙon fitarsa a hallaka shi. Da Musa ya yi shiri, sai aku ya jawo labari har asuba. Da baki kaɗai ya ceci yaron, daga baya shi aka naɗa Waziri.

Mu haɗu a shiri na gaba.