Ganuwar Haɗeja: Kogi Ne Ya Fara Gadin Gari

Duk watan Afrilu Haɗejawa kan tuna da 1906, shekarar da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila har ya rasa ransa. Ana ambaton jaruman da suka faɗi, amma ganuwar da suka fake da ita ba mai tambayar lafiyarta.

Asalin garin dai ruwaya ce: wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. A yankin an yi ƙananan masarautu irin su Auyo, Garun Gabas da Gatarwa, masu kai gaisuwa Borno ta hannun Galadima.

Wasu da sun ga tsohon garu sai su ce aikin Sarauniya Amina ne, wasu su ce Kano aka kwaikwaya, inda Sarki Gijimasu ya soma ganuwa wajen ƙarni na 12. Ni kuwa na fi karkata ga kogi. Wanda ya taɓa tsayawa a kudancin Haɗeja cikin Agusta, ya ga fadama ta zama shimfiɗar ruwa da kacalla, ya san doki ba ya ratsa wurin. Ruwa ya tsare gefe guda, mutane suka ƙara da ganuwar jar ƙasa. 

Bayan jihadi, Sarki Sambo ya shigo Haɗeja ya faɗaɗa ta. A zamanin ɗansa Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato har rasuwarsa a 1863, ganuwa ta yi ranarta. Igwar Bature ce ta karya lagonta.

Daga nan gyaran gayya da akan yi bayan damina ya mutu. Mai yaɓen ɗaki ya ɗebi ƙasa, mai neman fili ya baje tudu. An kafa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa a 1979, ganuwar Kano ta shiga jerin jiran UNESCO a 2007, amma ko ita ana ta yankarta, balle tamu.

Da ambaliyar 2022 ta zo, matasa suka kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga don kada ruwa ya ci gari. Aikin kakanninsu suka maimaita. Ya kamata masarauta ta auna abin da ya rage na ganuwar, ta kafa masa shaida, tun kafin Ƙofar Arewa ta zama sunan unguwa kawai.