Yadda albashin shugabannin kamfanoni ya yi wa na ma'aikata nisa

A shekarar 1930 wata shari'a a Amurka ta tona asiri: Eugene Grace, shugaban kamfanin ƙarfe na Bethlehem Steel, ya kwashe dalar Amurka sama da miliyon ɗaya da rabi a 1929, kusan duka tukwici ne a kan albashinsa. Labarin ya fito daidai lokacin da ake ta sallamar ma'aikata bayan durƙushewar kasuwar hannun jari, sai jama'a suka fusata. Daga 1934 doka ta tilasta wa kamfanonin da ke sayar da hannun jari su riƙa bayyana abin da suke biyan manyansu.

Daga yaƙin duniya na biyu har tsakiyar shekarun 1970, albashin shugabannin bai wani motsa sosai ba. Ƙungiyoyin ƙwadago na da ƙarfi, haraji kuma a kan kuɗin da ya haura wani babban mataki ya kai kashi 91 cikin ɗari a shekarun 1950, don haka neman ƙari bai da riba. Cibiyar bincike ta EPI ta ƙiyasta cewa a 1965 shugaban babban kamfani na samun kamar ninki 20 na abin da ma'aikaci ke samu.

Zamanin Shugaba Reagan aka zaftare harajin nan, har ya sauko kashi 28 a 1988. A 1993 gwamnatin Clinton ta so ta ja birki: abin da ya wuce dala miliyon ɗaya na albashin shugaba, kamfani ba zai samu rangwamen haraji a kansa ba, sai in an ɗaura shi a kan sakamakon aiki. Ta wannan ƙofa kamfanoni suka bi, suka koma biyan shugabanni da hannun jari. Garin gyaran gira aka rasa ido: a shekarar 2000 tazarar ta haura ninki 300.

Masu goyon baya na cewa kamfanoni sun ƙara girma, gwanaye kuma ba su da yawa, kamar dai manyan ƴan ƙwallo. Masu suka na amsawa cewa kwamitin da ke yanke albashin sau da yawa da hannun shugaban aka zaɓe shi, kuma kowane kwamiti na so nasa shugaban ya ɗara na maƙwabta, sai farashi ya yi ta hawa.

A Turai ma an yi ta ja-in-ja. A watan Maris na 2013 ƴan Suwis suka amince a ba masu hannun jari ikon yanke albashin manya, amma a Nuwamba suka ƙi ƙayyade shi a ninki 12 na mafi ƙarancin albashi. Faransa kuwa a 2012 ta sa iyakar yuro 450,000 a shekara, wajen sefa miliyon 295, ga shugabannin kamfanonin gwamnati, ciki har da Areva mai haƙar uraniyom a Arlit a lokacin.

Malamai da iyaye, kullum muna gaya wa yara cewa kowa ya yi da kyau zai ga da kyau. Idan ɗalibi ya tambaya ko shugaban yau ya fi na 1965 ƙwazo ninki goma sha biyar ne, mu nuna masa waɗannan shekarun. Dokar haraji, ƙarfin ƴan ƙwadago da wanda ke zaune a kwamiti su ne suka rage tazarar a da, su ne kuma suka faɗaɗa ta.