Yadda Ƙasar Kano Ta Faɗa Hannun Turawa: Waiwaye Daga Gaya

Duk lokacin da na tambayi ɗalibai yadda Turawa suka ci Kano, amsar ba ta wuce cewa sun zo da bindiga mai ruwa, mu kuwa sai kwari da baka. Wannan gaskiya ne, amma da sauran magana, domin ƙasa mai arziki irin Kano ba ta faɗuwa a yini guda.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da Turawan suka hango. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth ya sauka Kano, ya ga masaƙa da marina da dukawa, har ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su Tumbutu da Tarabulus. Wannan arziki kuwa daga ƙauyuka yake tasowa. Mu nan gabas, Gaya tsohon gari ne, wanda tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama. Fatake masu zuwa Barno sukan ratsa ta wannan yanki, manoman Gaya da Ajingi kuma suna ba da hatsi da auduga.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. Bangon Kano ya tsage ne a 1893, lokacin da Sarki Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fice zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu, aka shiga Yaƙin Basasa. Gaya na cikin garuruwan da wutar ta ci. Bayan rasuwar Yusufu a Garko, ƙanensa Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Yaƙi ya ƙare, amma ya bar gaba a zukata, ya kuma raunana amincin da ke tsakanin Kano da Sakkwato.

A daidai wannan lokaci Turawa sun riga sun gama shirinsu a takarda. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya tsara musu ƙa'idar rabon Afirka, kamfanin Goldie mai ciniki a Kogin Kwara kuma yana riƙe da wasu takardun yarjejeniya da ya ce sarakunanmu sun sa wa hannu. Ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta shiga hannunsu, alhali ko ganuwar Kano bai taɓa gani ba. Daga nan ya bi masarautu ɗaya bayan ɗaya: Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauchi da Zazzau a 1902. Kowace ta fuskance shi ita kaɗai.

Dalilin da aka kafa na afka wa Kano shi ne Magajin Kafi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Baturen mulki Moloney a 1902, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Sai Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji baƙar fata sama da 700, da yawansu masu jin Hausa, da igwa da bindigogi masu ruwa. Ya fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu kuma ya shiga birni ta Ƙofar Kabuga. Sarki ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. A hanyar dawowa rundunar ta rabu: Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya komo da jama'a aka naɗa shi sarki, Alu kuwa aka kama shi, ya rasu a Lakwaja a 1926.

To, a nan ne littattafan makaranta sukan tsaya, amma mutumin Gaya ko na Ajingi bai ga Morland ba. Abin da ya gani ya zo ne daga baya. Wajen 1907 Razdan Cargill, wanda aka yi wa laƙabi da Mai Gunduma, ya yanka ƙasa gunduma-gunduma, ya tura hakimai su zauna cikin ƙasashensu don tara haraji. Aka kashe wuri, aka ce sai da sule da kwabo za a biya. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Manomin da ke neman kuɗin haraji ya dole ya shuka abin da kamfanonin Turawa ke saye, a farashin da suka yanka. Hanyar ciniki da ta saba fuskantar Barno da hamada ta juya zuwa Ikko, yadin Ingila ya fara ture na masaƙanmu a kasuwa. A ganina wannan shi ne cin ƙasa na biyu, kuma ya fi na farko shiga jiki.

'Yan'uwana marubuta, yawancin abin da aka rubuta kan 1903 daga rahoton Turawa da labarin fada ya fito. Har yanzu akwai dattawa a Gaya da Ajingi da suka ji daga bakin kakanninsu yadda aka yi Basasa, da yadda aka fara karɓar haraji da sule. Duk mai neman abin rubutawa ya ɗauki alƙalami ya je ya zauna gabansu tun suna da rai.