Tatsar Mai ta Hanyar Soxhlet

Hanyar Soxhlet dabara ce ta ɗakin gwaje-gwaje da ake fitar da mai daga busasshen abu kafin a auna shi. Franz von Soxhlet ne ya ƙirƙiro ta a 1879 don awon maiƙon madara.

In za a gwada ƙwallon kaɗanya, sai a busar, a niƙa, a ɗura garin a kwaroron takarda. A tafasa sinadarin heksen a kwalba, tururinsa ya huce ya riƙa ɗiga kan garin, ya kwaso mai ya koma kwalbar, haka har sa'o'i. Heksen na ƙafewa sai a auna man, wanda kan kai kusan rabin nauyin ƙwallon. Hanyar tana da cin lokaci, amma har yau da ita ake tantance ingancin sababbin hanyoyi.